Bellon Romaniya

A zamanin da muke yara a Wurogauri, ba a zaɓar ɗan baya, tura shi ake yi. Idan la'asar ta yi sanyi muka taru a fakon da ke bayan firamare, sai manyan yara biyu su tsaya su raba mu kamar ana kasa naman watanda. Masu gudu da masu iya yanka su ake fara ɗauka. Wanda ya rage, mai ƙiba ne ko mai tsoron ƙwallo ko ƙanen wani da aka ce dole a tafi da shi, sai a ce masa, "Kai, tsaya baya." Ina cikin waɗanda ake ce wa haka. Dogo ne ni, siriri kamar karan dawa, ƙafata ta hagu ba ta san abin da ta dama ke ciki ba. Umarnin da ake ba ni ɗaya ne tak: in ƙwallo ta wuce, kada mutum ya wuce.

Ƙwallon roba ce da muka yi karo-karo aka sayo mana a kasuwar Jega. Duk ranar da ta hau tsidau ta sace, sai mu sa wuƙa a wuta mu narka wurin mu liƙe, har ta koma kamar kabewar da ƙwari suka tauna. Raga kuwa takalma ne, warin wannan da warin wancan. Mai ƙwallo shi ne alƙali, in ka yi masa gardama ya rungume abarsa ya yi gida. Ba mu da usur, kiran sallar magariba ne ke tashin wasa, ko da kuwa ana tsakiyar bugun fenariti.

Mutum ɗaya ne a garin yake ganin tsaron baya sana'a ce, wato malaminmu na aji shida. Ya buga ƙwallo lokacin da yake kwalejin horon malamai, kuma in yana ba da labari ba ya cewa ya buga baya, sai ya ce, "Ni lamba biyar na buga." Yana faɗin hakan kamar mai faɗin sarautar gidansu. Mu dai mukan sunkuyar da kai mu danne dariya. Wa zai yi alfahari da wurin da ake tura raggo?

Malam ne kuma kaɗai mai talabijin. Ƙarama ce, baƙi da fari, tana aiki da batirin mota, eriyarta na kan wata doguwar gora da aka ɗaure a jikin katanga. Da wannan akwatin muka ga gasar kofin duniya ta 1994, wadda aka yi a Amurka, karon farko da Najeriya ta je. A lokacin jihar Kebbi ba ta cika shekara uku da fita daga Sakkwato ba, komai namu sabo ne, har da girman kai. A watan Afrilun shekarar Najeriya ta doke Zambiya da ci 2 da 1 a Tunisiya ta ɗauko kofin Afirka, saboda haka ko tsofaffin da ke cewa ƙwallo shiririta ce sun san sunan Rashidi Yekini.

Damina ce, ana tsakiyar noman farko. Sharaɗin da Baba ya gindaya mini shi ne, duk daren da na yi kallo, da asuba ni zan riga kowa ɗaukar fartanya. Na yarda tun kafin ya rufe baki. Wasanmu da Bulgeriya sai bayan tsakar dare aka fara shi, muna zaune kan tabarmi a tsakar gidan Malam, sauro na cin rabonsa, an ajiye yaro ɗaya a gindin gora. Da zarar hoto ya fara yayyafi sai ka ji ihu, "Juya! Juya kaɗan! Ya yi! A'a, koma!" A cikin wannan yayyafin muka ga Yekini ya ci ta farko ya shige cikin raga ya kama zaren yana girgizawa yana kuka. Amokachi ya ƙara, Amuneke ya cike ta uku. Yekini da Amokachi duk a Kaduna aka haife su, don haka mun ɗauke su namu na gida. Washegari na yi noma ido rabi a rufe, na sare gero ya fi tushe goma, na tura ƙasa na rufe kafin Baba ya iso.

Sai Ajantina ta jiƙa mana gari. Siasia ya fara ci, Caniggia ya rama ya ƙara, aka tashi 2 da 1. Bayan wasan nan ne aka gwada Maradona aka kore shi daga gasar saboda ƙwaya, amma hakan bai huce mana haushi ba. Shi ya sa ran 3 ga Yuli, da aka ce Ajantina za ta kara da wata ƙasa wai ita Romaniya, duk garin ya koma 'yan Romaniya, alhali babu mai iya nuna ta a taswira in ba Malam ba.

Abin da ya ƙara haɗa jininmu da su sunayensu ne. Kyaftin ɗinsu, Gheorghe Hagi, mai sharhi na kiran sa "Haji", sai kawuna ya gyara zama ya ce, "Ashe wanga har ya sauke farali." Can kuma aka ambaci wani Belodedici. Harshenmu ya kasa ɗaukar sunan gaba ɗaya, muka yanke abin da muka sani muka yar da sauran. A ƙasar da kusan kowane gida akwai mai sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ba a sha wahala ba. Tun daga daren nan ya zama Bello.

Wasan ya yi daɗi, har yau masana na sa shi cikin mafiya kyau a tarihin gasar. Ilie Dumitrescu ya ci biyu tun kafin a yi minti ashirin, Batistuta ya ci fenariti a tsakaninsu, Hagi ya ƙara ta uku bayan hutun rabin lokaci, Balbo ya rage, aka tashi 3 da 2. Amma ni rabin wasan ban kalli inda ƙwallo take ba, don Malam ya hana ni. Ya jawo ni kusa da shi, ya ɗauko rular da yake nuna mana allo da ita, ya ɗora bakinta a gefen gilashin.

"Yaro, bar kallon ƙwallo, kowa ita yake kallo. Kalli mai lamba huɗun nan."

Na ce, "Malam, ai ba ya komai."

Ya ce, "To, ci gaba da kallon yadda ba ya komai."

Na zuba ido. Abokan tsaronsa, Prodan da Mihali, suna manne da 'yan gaban Ajantina, ana ture-ture ana jan riga. Shi kuwa Bello ba ya riƙe da kowa. Yana 'yan taku kaɗan a bayansu, kai a sama, yana tafiya kamar makiyayin da ke bin bayan garke da yamma. In aka zura ƙwallo ta tsakanin mutum biyu, sai ka tarar ya riga ta isa wurin, kamar an aiko masa da wasiƙa. Ba ya zubewa ƙasa, ba ya ɗirka ta sama. Ya tare, ya ɗaga kai, ya miƙa wa na kusa, wani lokaci ma ya taho da ita har tsakiyar fili da dogayen ƙafafunsa. Malam ya ce a can ƙasarsu laƙabinsa sunan wata dabba ce irin barewa, saboda yadda gudunsa ba ya da nauyi. Ya ce wannan shi ne lamba biyar na gaskiya ko da huɗu ce a bayansa, Turawan Ingila na ce masa mai shara, Italiyawa kuma su ce libero, wato wanda ba a ɗaure shi da kowa ba.

Sauran labarinsa a hankali na tsinto shi, wani daga bakin Malam, wani daga tsofaffin mujallun wasanni da ake kawowa daga Legas a baje a bakin tasha a Birnin Kebbi, wani kuma sai da intanet ta zo. An haifi Miodrag Belodedici ran 20 ga Mayu 1964 a Socol, wani ƙauye kusa da kogin Danube, dab da iyakar Romaniya da ƙasar da a lokacin ake kira Yugoslabiya. Basarbe ne, harshen Sarbiya ake yi a gidansu. Wannan bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Mu da ke da dangi a Kamba da Gaya da Doso mun san yadda layin da Bature ya ja ke ratsa tsakiyar zumunci. A 1982 ya shiga Steaua ta birnin Bukares, ƙungiyar rundunar sojan ƙasar, wadda 'yan wasanta a lokacin ke ɗauke da muƙaman soja a takarda.

Ran 7 ga Mayu 1986 Steaua ta buga wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai da Barcelona, a birnin Sebiya, wato a cikin Sifen, gaban 'yan kallon da kusan dukansu na Barcelona ne. Minti 120 babu ci. Aka je bugun fenariti, golan Steaua, Helmuth Duckadam, ya kaɗe huɗu a jere, suka ɗauki kofin da ci 2 da nema. Ita ce ƙungiya ta farko daga gabashin Turai da ta taɓa ɗaukar sa. Duniya ta riƙe sunan golan, kuma ya cancanta. Amma sa'o'i biyun da suka kai wasan ga fenariti, aikin su Bello ne.

Romaniya a lokacin tana hannun Nicolae Ceaușescu, ana layin burodi, ana ɗauke wuta da gangan don a tara kuɗin biyan bashi, ɗan wasa kuma ba ya fita waje sai da yardar hukuma. A ƙarshen 1988 Belodedici ya tsallaka iyaka zuwa Yugoslabiya bai komo ba. Da yake a takarda hafsan soja ne, sai aka yanke masa ɗaurin shekara goma a bayan idonsa bisa laifin cin amanar ƙasa, aka kuma dakatar da shi daga buga wasa na shekara guda. Yana zaune a Belgired tsohuwar ƙungiyarsa ta sake kaiwa wasan ƙarshe a 1989, AC Milan ta yi mata 4 da nema. Ba na cewa da yana nan da sun tsira, don Milan ɗin su Gullit da Van Basten ba kanwar lasa ba ce, amma na tabbata da ba a yi musu wannan cin kacar ba. A watan Disamba na shekarar aka hamɓarar da Ceaușescu aka harbe shi, hukuncin da ke kan Bello ya bi ruwa.

Sai ga shi ran 29 ga Mayu 1991 a birnin Bari na Italiya, cikin rigar Red Star ta Belgired, ƙungiyar da yake so tun yana yaro, a wani wasan ƙarshen. Wannan karon da Marseille ta Faransa, mai Papin da Waddle da Abedi Pele na Gana. Nan ma minti 120 babu ci. Masu sharhi sun ce wasan bai yi armashi ba, kuma gaskiyarsu, Red Star rufe ƙofa ta yi ta zauna. A bugun fenariti shi ya buga na uku, ya ci, suka ɗauka da 5 da 3. Ya zama mutum na farko da ya buga wasan ƙarshe ya kuma ɗaga kofin nan da ƙungiyoyi biyu daban. Malam ya fi son ya lissafa abin ta wata hanya: wasan ƙarshe biyu, minti 240, ƙwallo ko ɗaya ba ta shiga ragar da yake gadi ba. Wata guda bayan nan Yugoslabiyar da ya gudo cikinta ta fara wargajewa da yaƙi, a 1992 ya sake ɗaukar jaka ya nufi Valencia.

A gasar 1994 kuwa, kwana biyu bayan Romaniya ta rama mana, Italiya ta fitar da mu. Amuneke ya ci, an kori Zola, saura minti biyu a tashi, sai Roberto Baggio ya rama, ya ƙara da fenariti a ƙarin lokaci. Ba na son dogon bayani a kan wannan maraicen. Tuwon dare dai a gidaje da yawa sai da ya kwana.

Ya rage mana Romaniya. Amma a makon nan ne ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki kan rikicin zaɓen 12 ga Yuni da tsare Abiola, mai ya yi ɓatan dabo. Mai janaretan da ke yi wa Malam cajin batir ya rufe shago. Muka shiga zullumi, ga wasan Romaniya da Siwidin ran 10 ga wata. Abin da ya hana mu kallo shi ya ba mu: wani direban a-kori-kura da motarsa ta kwana uku a gindin bedi babu mai, shi ya kwance batirinsa da kansa, ya ɗora wa wani almajiri a ka har gidan Malam, da sharaɗin a ba shi kujera a gaba.

Brolin ya ci wa Siwidin, Răducioiu ya rama ana dab da tashi, ya ƙara ta biyu a ƙarin lokaci. An kori ɗan Siwidin ɗaya, mun fara murna, sai Kennet Andersson ya sa kai ya mayar da wasa kunnen doki saura minti biyar. Aka je fenariti. Biyar-biyar ba su raba gardama ba, Henrik Larsson ya ci ta shida, sai muka ga dogon mutumin nan ya taho daga tsakiyar fili da tafiyarsa ta rashin gaggawa. Kawuna ya ce, "Bello ne, an gama." Ya buga, gola Thomas Ravelli ya faɗi gefen da ta nufa ya kaɗe.

Tsakar gidan ta yi tsit, ba ka jin komai sai kwaɗi a fadama. Direba ya tashi ya fara kwance wayoyin batirinsa ba tare da ya ce uffan ba. Malam ya daɗe yana kallon gilashin da ya mutu, sannan ya ce, "Ɗan baya ke nan. Ya tare dubu ba wanda ya ƙirga." Mako guda bayan haka Franco Baresi na Italiya, wanda ya fi kowa iya wannan aikin a zamanin, shi ma ya ɗaga tasa sama a wasan ƙarshe da Brazil. Na ji ɗan sanyi a raina, Allah Ya yafe mini.

Daga daminar nan na daina jira a tura ni baya, da kaina nake tafiya. Na koyi tsayawa taku biyar a bayan kowa, na koyi ɗaga kai. Na kuma koyi abin da Malam bai gaya mini ba, cewa natsuwar Bello ba a aron ta kamar riga. A wani wasa da muka je yi da yaran wani ƙauye ta wajen Gwandu, ƙwallo ta zo mini a bakin raga, abokaina na ihu in doke ta. Na ce a raina yau za su ga aiki. Na tare, na ɗaga kai ina neman wanda zan miƙa wa, wani ɗan guntun yaro mara riga ya zare ta daga ƙafata ya zura. Tun daga Gwandu har gida, a bayan mota, ba abin da ake kira sai "Bello! Bello na Romaniya!" Sunan ya bi ni. Akwai abokan ƙuruciyar da har yau in mun haɗu a wurin ɗaurin aure da shi suke gaishe ni, 'ya'yana na kallon su cikin mamaki.

Shi kuwa mai sunan na asali ya zaga Valladolid da Villarreal, ya je Atlante ta Meziko, ya komo Steaua a 1998, ya buga gasar Turai ta 2000 yana da shekara 36, ya ajiye takalmi a 2001. Kusan tare da shi aka ajiye matsayin nasa. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa, masu horarwa suka koma jera 'yan baya huɗu a layi ɗaya suna tarkon satar fage, kuma mutumin da ke tsayawa shi kaɗai a baya ɓata tarkon yake yi. Matthias Sammer na Jamus, da ya zama gwarzon Turai a 1996, shi ne kusan na ƙarshe a manyansu. Yanzu sharar ma gola aka bar wa, shi ke fitowa har wajen da'ira yana yi. An ce ci gaba ne. Ni dai in ina kallo idona kan nemi mutumin nan guda da ba ya gudu, in rasa.

Kallon ma ya sauya. Gidajen kallo sun cika Kalgo da Gwandu da Birnin Kebbi, allo uku a jere, wasa uku a lokaci ɗaya, hoto tar kamar ka miƙa hannu ka taɓa ciyawa. Yaro ɗan shekara goma ya san albashin ɗan wasan Chelsea. Babu mai riƙe gora, babu mai ɗora rula a gilashi. Ba na ƙin jin daɗin, na sha zama a kan bencinsu. Kuma zamanin nan ya ba mu abin da ko a mafarki ba mu gani ba muna kan tabarmar Malam: ɗan baya daga jiharmu a babbar ƙungiyar Turai. Zaidu Sanusi, haifaffen Jega, garin da ake sayo mana ƙwallon roba, an haife shi a 1997, shekara uku bayan wancan daren. Ya tafi Fotugal yana matashi, ya bi ta Mirandela da Santa Clara, Porto ta saye shi a 2020, a shekarar ya fara buga wa Najeriya, har ya buga wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan a Fabrairun 2024. Sakkwato ma ta ba da nata, Shehu Abdullahi, da ya ciyo tagulla a wasannin Olamfik na 2016.

Sai dai Zaidu ba irin Bello ba ne. Lamba uku ne, ɗan gefen hagu, kuma gudu ne makaminsa, ya hau ya sauka kamar guga a rijiya. Ran 7 ga Mayu 2022, shekara 36 cif da daren Sebiya, Porto ta je gidan Benfica a Lisbon tana neman kofin ƙasa. An cika minti 90 babu ci, ana cikin 'yan mintocin da alƙali ya ƙara, Porto ta kwaso ƙwallo daga bakin ragarta, Zaidu ya tsinke da gudu tun daga baya har gaban golan Benfica, aka miƙo masa ya zura. Da wannan ƙwallon aka ba su kofi. Ina wani gidan kallo a Kalgo, benci ya karye, wani ya rungume ni ban san shi ba.

Da na fito na kira Malam a waya. Ya tsufa, ido ya yi rauni, ya daina kallo, sai rediyo. Na ce, "Malam, barka da dare. Yaron Jega ya ci wa Porto kofi, ɗan baya, a minti na ƙarshe!"

Ya ce, "Madalla, Allah Ya yi masa albarka. Daga ina ya taso?"

Na ce, "Tun daga bakin ragarsu, Malam, da gudu."

Ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Sannan ya ce, "To Bello, da ya taho, wa ya bari a baya?"